Rubutaccen shirin wannan mako: Rickenbacker, jitar bes ɗin da ta raba kan makaɗa

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin ga waɗanda suka fi son karantawa a kan saurare.

Yau kiɗa za mu taɓa. Akwai wata jita da makaɗan Amurka da Ingila suka shafe sama da shekara hamsin suna musu a kanta, har yau ba a daidaita ba. Sunanta Rickenbacker, samfurin 4001, da ƙanwarta da ta gaje ta, 4003. Idan ka tara masu kaɗa bes guda goma ka ambaci sunanta, wasu za su dafe ƙirji su ce ita ce burinsu a duniya, wasu kuma su ce ko kyauta aka ba su gobe da safe za su kai ta kasuwa. Da wuya ka samu wanda zai ce masa duk ɗaya. To me ya jawo haka? Kuma idan matashi irina ko irinka ya tara kuɗinsa yana son saye, maganar wa zai ɗauka?

Bari mu fara da bayani ga wanda bai san bes ba. Jitar bes tana kama da jita ta yau da kullum, sai dai ta fi ta tsawon wuya, tsirkiyarta huɗu ce galibi, masu kauri, kuma muryarta can ƙasa take. Ita ce wannan gurnanin da kake ji a ƙirjinka idan mota mai manyan sifiku ta wuce. A waƙoƙinmu na situdiyo yawanci a fiyano ake buga wannan sautin, shi ya sa da yawanmu mun san shi a kunne amma ba mu taɓa ganin kayan da ke fitar da shi ba. Tsirkiyarta mafi kauri tana karkarwa ne kamar sau 41 a daƙiƙa ɗaya, sifikar waya ba ta iya fitar da wannan da kyau. Don haka duk abin da zan ambata a shirin nan, in za ka je ka saurara, sa abin kunne.

Aikin mai bes a ƙungiya shi ne ya ɗaure mai ganga da sauran makaɗa. Idan ya iya, ba kowa zai lura da shi ba. Ranar da bai zo ba ne kowa zai ji waƙar ta zama miya ba gishiri. Ku riƙe wannan maganar, domin a kanta rigimar yau take.

A shekarar 1951 wani mutumin Kalifoniya mai suna Leo Fender ya fitar da Precision Bass, jitar bes mai lantarki ta farko da ta samu karɓuwa sosai a kasuwa. Kafin nan makaɗa suna fama ne da wata ƙatuwar bes ta katako da ake kaɗawa a tsaye, wadda ta kai tsawon mutum. Leo Fender asalinsa mai gyaran rediyo ne, kuma tunanin mai gyara ya sa a aikinsa: gangar jiki daban, wuya daban, a haɗa su da noti huɗu. Wuya ya lalace, ka kwance ka sa wani. A 1960 ya ƙara da Jazz Bass. Waɗannan biyun su ne suka zama ma'auni, har yau yawancin bes ɗin da za ka gani a shago, ko ta wane kamfani ce, ƙirarsu aka bi.

Shi kuma kamfanin Rickenbacker ya girmi wannan labari. Tun farkon shekarun 1930 Adolph Rickenbacker da George Beauchamp suka fara sayar da jita mai lantarki, wadda aka yi wa laƙabi da kaskon suya saboda siffarta. A 1953 wani ɗan kasuwa, F. C. Hall, ya sayi kamfanin. A 1957 suka fitar da bes ɗinsu ta farko, samfurin 4000, wadda wani Bajamushe mai suna Roger Rossmeisl ya zana. A 1961 aka ƙara mata maɗaukin sauti na biyu, aka kira ta 4001. Maɗaukin sauti shi ne maganaɗisun da aka naɗe da siririyar waya, yana zaune a ƙarƙashin tsirkiya, yana mayar da karkarwarta lantarki ya tura wa amfilifaya.

Sun ƙi bin hanyar Fender kusan a komai. Katakon wuya ya zarce tun daga kai har gindin jitar, sai aka manna masa fukafukai biyu a gefe, babu noti. Tsawon tsirkiya inci 33 da kwata, na Fender kuwa inci 34. An shafe fuskar wuyan da fenti mai sheƙi. An sa rodi biyu a cikin wuyan maimakon ɗaya. A samfurin da ya fi tsada akwai kafar waya biyu, ɗaya daga ciki tana raba sautin maɗaukan nan biyu, kowanne ya tafi amfilifayarsa, abin da suka sa wa suna Rick-O-Sound. Ga kuma siffa: ƙahon sama ya miƙe kamar igiyar ruwa ta taso, da wani launi mai suna Fireglo, ja a gefe yana washewa zuwa tsakiya kamar garwashi. Ko maƙiyanta sun yarda tana da kyan gani.

To yanzu mu saurari masoya. Hujjarsu ta farko ita ce murya. Bes ɗin Fender tana yin gum-gum ne a ƙasa, ta cika wuri. Rickenbacker kuwa, musamman idan aka sa mata tsirkiya mai kaushi aka kaɗa da ɗan robar nan mai kamar farce, tana da wani amo mai ƙarfe-ƙarfe a sama, ga gurnani a ƙasa. Ko jita biyu da ganga suna ta ruri, sai ka ji ta ta ratso ta cikinsu. Wani ɓangare na sirrin a tsoffin 4001 wata 'yar kafasita ce da aka sa wa maɗaukin baya, tana tace masa sautin ƙasa ta bar na sama. Kamfanin ya cire ta a shekarun 1980, masoya suka yi ta ƙorafi, daga baya aka dawo da ita a wani maɓalli da za ka ja ko ka danna.

Wanda ya fi kowa nuna wa duniya wannan murya shi ne Chris Squire na ƙungiyar Yes ta Ingila. Je ka saurari Roundabout da ke kundinsu Fragile na 1971. Za ka rantse bes ce ke jan waƙar, sauran suna bin ta a baya. Shi Squire yana raba sautinsa gida biyu, na sama ya tura amfilifayar jita, na ƙasa ya tura ta bes. Matasa da yawa a lokacin daga jin wannan suka ce su ma sai Rickenbacker. Cikinsu akwai Geddy Lee na ƙungiyar Rush ta Kanada, wanda ya riƙe baƙar 4001 tsawon shekarun 1970.

Akwai Paul McCartney na Beatles, bahago, wanda kamfanin ya ba shi tasa ta 'yan hagu a 1965. Shi kuma wata murya daban ya fitar da ita, mai laushi, mai zagaye, kamar yadda ake ji a kundin Sgt. Pepper na 1967. Akwai Lemmy na Motörhead, wanda asalinsa mai jita ne kafin ya koma bes, don haka yake sharɓar tsirkiyoyin kamar jita, ya ƙure amfilifayar Marshall har sautin ya dawo kamar injin niƙa. Akwai Cliff Burton na Metallica, wanda ya rasu a haɗarin mota a Suwidin a 1986 yana da shekara 24. A kundinsu na farko na 1983 an ba shi fili shi da bes ɗinsa, mutane da yawa suka ɗauka jita ce. Masoya sai su ce maka: ka ga mutum biyar, kiɗansu bai yi kama da juna ba, amma kowanne da ka ji ka san shi ne. Wace bes ce kuma ta yi wannan?

Hujja ta biyu ita ce kamfanin bai watsar da kansa ba. Fender suna da Squier, Gibson suna da Epiphone, wato samfura masu araha da ake ƙerawa a ƙasashen Asiya. Rickenbacker ba su da wannan. Duk jitar da suke fitarwa a masana'antarsu ta Santa Ana a Kalifoniya ake yin ta, kuma kamfanin ya daɗe a hannun iyalin Hall. Ba sa yin da yawa, har akan yi layin jira. Shi ya sa ko ta hannu ce ba ta faɗuwa a farashi sosai.

Yanzu kuma bari mu ba ɗaya ɓangaren makirufo, domin su ma ba da ka suke magana ba.

Ƙorafin farko, gefen jitar. Fender sun sassaƙe inda hannu ke kwanciya da inda ciki ke jingina. Ita 4001 da 4003 gefenta a tsaye yake, an bi shi da farin roba mai kusurwa. Ka yi awa biyu kana kaɗawa, za ka ga shaida a hannunka. Na biyu, akwai wani murfin da ya hau kan tsirkiyoyi daidai inda yawancin masu kaɗawa da yatsa ke son sa hannu. Asalinsa a tsoffin samfura maganaɗisu ne mai siffar takalmin doki, yana da aiki. Daga baya ya zama ado kawai. Abu na farko da mutane da yawa ke yi idan sun saya shi ne su cire shi, sai kuma ya bar rami da ƙarfe mai kaifi, sai ka sake sayen wani abu ka rufe. Mutum ya ba da kuɗi masu yawa, ya dawo gida ya ɗauko sukundireba.

Na uku shi ne jaki. Masu goge da garaya sun san jaki, wato abin da tsirkiya ke hawa a kai. Na Rickenbacker ya yi ƙaurin suna shekara da shekaru. Saita shi don kowace tsirkiya ta faɗi daidai aiki ne mai cin rai, notin a ɓoye suke. A wasu kuma jan tsirkiya yakan ɗaga wutsiyar ƙarfen sama a hankali. Har wasu kamfanoni suka samu kasuwa suna ƙera madadinsa. Sai a 'yan shekarun nan Rickenbacker suka sake masa fasali.

Na huɗu, kuma wanda ya fi jawo asara, rodin nan biyu. Katakon wuya yana lanƙwasa saboda jan tsirkiya da canjin yanayi, rodi ne ke riƙe shi. A Fender juya noti kawai za ka yi, wuya ya miƙe. A tsohuwar 4001 ba haka ba ne. Sai ka sassauta, ka tanƙwara wuyan da hannunka zuwa inda kake so, sannan ka ɗaure rodin ya riƙe shi a nan. Wanda bai sani ba ya kama juyawa da ƙarfi kamar Fender, sai fuskar wuyan ta ɓalle daga jikinsa. Kuma ku tuna wuyan nan ba a kwance shi. Jitoci da yawa sun tafi a haka. Abin dariyar shi ne, an ƙera 4001 ne don tsirkiya mai santsi, amma muryar da ta sa ta yi suna tsirkiya mai kaushi ce ke ba da ita, irin Rotosound da Squire ke sawa, ita kuma tana wahalar da wuyan da ƙarafansa. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka fito da 4003 wajen 1980, da rodi mai ƙarfi.

Ga kuma ƙugi. Maɗaukanta irin masu naɗi ɗaya ne, suna kwaso ƙarar wutar lantarki da ke ɗakin. Precision tun 1957 aka raba maɗaukinta gida biyu don ya kashe wannan ƙugin. Sai fentin wuya, wanda wasu ke cewa yana kama musu yatsa idan sun yi gumi. Sai farashi: sabuwa ta haura dala 2,000. Sai halin kamfanin kansa, wanda ya shahara wajen bin masu kwaikwayon siffarsa da lauyoyi. Masoya suna ganin kare haƙƙi ne. Maƙiya suna cewa hakan ya hana yaro mai ƙaramin ƙarfi ya ɗanɗana ko da makamanciyarta.

To jama'a, ga abin da ya sa na ga wannan musun ya cancanci shiri guda. Idan ka natsu ka saurari ɓangarorin biyu, za ka ga ba su saɓa a kan gaskiyar abin ba. Mai sonta bai ce gefenta ba ya cin hannu ba, cewa yake ya saba. Bai ce jakin yana da daɗin saitawa ba, cewa yake sau nawa za ka saita a shekara? Shi ma mai ƙinta bai ce ba ta da murya ba, cewa yake muryar ta yi yawa, duk waƙar da ka sa ta sai ta ja hankali kanta. Abu ɗaya suke kwatantawa, hukuncin ne ya bambanta. Ashe ainihin tambayar ita ce: mene ne aikin bes a cikin waƙa?

Ɓangare ɗaya sun tafi a kan cewa bes ginshiƙi ce, ta ɗauki nauyin gida ba tare da an gan ta ba. Gwarzonsu shi ne irin James Jamerson, wanda ya kaɗa Precision a tarin waƙoƙin Motown a Detroit, shekaru ana rawa da aikinsa ba a ma rubuta sunansa a bayan faifai ba. Ko Aston Barrett, mai bes ɗin Bob Marley, da Jazz Bass ɗinsa mai zurfin murya. Makaɗin haya da zai yi situdiyo uku a rana, safe wani salo, yamma wani, yana buƙatar kayan da zai bi umarni. Irin waɗannan Fender suke ɗauka, kuma suna da gaskiya.

Ɗaya ɓangaren kuma sun ce wa ya yanke cewa mai bes sai bayan dandamali? Squire, Lemmy, Geddy Lee, McCartney, duk mutane ne da ke gaba a ƙungiyoyinsu, uku daga ciki ma su ne masu rera waƙar. Rush da Motörhead mutum uku-uku ne a mafi shaharar zubinsu, akwai fili a cikin sautin da dole bes ta cike. Kayan da ke da baki irin wannan shi ya dace da su. Su ma suna da gaskiya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Amma akwai wani abu da masoya ba sa son a tuna musu, ni kuma sai na faɗa. Kusan duk gwarazan nan ba su bar ta yadda ta fito daga kamfani ba. Ta Squire mai kafar waya ɗaya ce, shi ya sa aka sake mata wayoyi don ta raba sauti, kuma an kankare jikinta sau da yawa saboda ado iri-iri da ya yi ta manna mata, har katakon ya ragu. Lemmy ya cire maɗaukin gaba ya sa na Gibson Thunderbird. Cliff Burton ya canza maɗaukan tasa. McCartney ya yi mata fenti, daga baya ya kankare ta tas har katako. Shi kuwa Geddy Lee, wata Jazz Bass ta 1972 da ya tsinta a shagon jingina ita ya yi amfani da ita a Tom Sawyer ta 1981, mutane da yawa suka yi ta yabon muryar Rickenbacker a waƙar da babu ita. Daga shekarun 1990 ma Jazz ɗin ce ta zama babbar bes ɗinsa, kuma bai daina yin kama da kansa ba.

Kun ga inda maganar ta nufa. Muryar da kake ji a faifai haɗin gambiza ce: jita, tsirkiya, amfilifaya, injiniyan situdiyo, sannan uwa uba hannun mutumin da yadda yake dukan tsirkiya. Jitar tana da rabonta, ban musa ba, domin Precision ba za ta ba ka wannan amon ƙarfen cikin sauƙi ba. Amma wanda ya saye ta yana jiran ya wayi gari ya zama Squire, zai sha mamaki. Da yawa daga cikin masu zaginta yau tsoffin masoya ne da suka saya saboda hoton wani, suka ga hannunsu bai karɓe ta ba. So ne ya koma haushi.

Haka su ma maƙiya akwai inda suka yi wuce gona da iri. Cewa murya ɗaya gare ta ba daidai ba ne. Ka koma maɗaukin gaba, ka sa tsirkiya mai santsi, ka kaɗa da yatsa, za ta ba ka sauti mai zurfi da taushi, McCartney shaida ne. Rick James ya riƙe ta a kiɗan rawa na baƙaƙen Amurka. Matsalar gefe ma akwai samfurin 4003S, mai zagayayyen gefe ba farin roba. Kuma yawancin labaran ɓallewar wuya na tsohuwar 4001 ne a hannun wanda bai san ta ba. Mutum ya ji labarin jitar 1973 ya ɗora wa ta bana, wannan ba adalci ba ne.

Ni ra'ayina, in kun tambaye ni, ina tare da masu cewa duniya ta fi daɗi da irin wannan kayan a cikinta. Idan kowane kamfani ya bi ƙirar Fender saboda ita ce ba ta ɓata wa kowa rai, to wata rana duk waƙoƙi za su dawo da murya ɗaya. Kayan kiɗa mai hali yana tilasta maka ka canza yadda kake kaɗawa, a nan ne kuma sabon salo kan fito. Ku dubi kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, tsirkiya ɗaya tal, ƙaramin abu, ba wanda zai ce yana yin komai da komai. Amma da ka ji ka san waye. Sai dai son abu daban, shawarar saye daban. A nan ne zan yi magana da kai kai-tsaye, ɗan'uwa mai koyon bes, ko kana kaɗawa a coci a Jos ko Kaduna, ko kana bin ƙungiyar biki, ko kana Yamai ko Agadas inda jita ta zama gida saboda irin su Bombino da Tal National.

Ka fara duba yanayinmu. Hunturu yana busar da katako, damina ta kumbura shi. Wuyan bes a nan sai ya motsa aƙalla sau biyu a shekara, dole a taɓa rodi. Tambayi kanka, a garinku wa ya taɓa buɗe Rickenbacker? Idan tsohuwar 4001 ce ta faɗo hannunka, kada ka bari kowa ya sa mata sifana sai ya san yadda rodinta ke aiki. Sannan wutarmu. Janareta, wayar da ba a haɗa ta da ƙasa ba, fitilu masu ƙugi, duk maɗauki mai naɗi ɗaya zai kwaso su ya kai sifika. Sannan kayan gyara. Na ƙirar Fender ko'ina akwai, nata kuwa sai an yi oda daga waje da dala.

Sai jabu. Tunda kamfanin ba ya yin mai araha, duk wanda ya nuna maka sabuwa dal da sunan Rickenbacker a kai a farashin wayar hannu, ka san ba ita ba ce. Juya bayanta ka duba: in ka ga an ɗaure wuya da noti, magana ta ƙare. Amma ko babu noti kada ka saki jiki, masu jabu ma sun iya wannan. Kuma ba laifi ba ne mutum ya kaɗa mai araha, in dai ya san abin da ya saya. Peter Hook na Joy Division da kwaikwayon Rickenbacker na kamfanin Hondo ya yi aikinsa na farko, kuma har yau ana koyon salonsa. Laifin shi ne a karɓi kuɗin asali a ba ka hoto.

Abu na ƙarshe, tambayi kanka wane aiki kake yi a ƙungiyarku. Idan jita biyu da fiyano da mawaƙa sun riga sun cika sama, abin da ake nema a wurinka shi ne ƙasa, kuma bes mai ƙirar Precision ko Jazz, ko wata Yamaha ko Ibanez mai sauƙin kuɗi, za ta yi maka wannan ba tare da ka sayar da fili ba. Ragowar kuɗin ka sa a amfilifaya mai kyau da sababbin tsirkiyoyi da kuɗin malami. Idan kuwa ku uku ne, kai ke tsara waƙar, kana jin wata murya a kanka da ka rasa a ko'ina, to nemi inda za ka riƙe ta. Rataya ta a tsaye, ka yi rabin awa aƙalla, ka ji abin da hannunka da kafaɗarka za su gaya maka. Gani ya kori ji, riƙewa kuma ta kori gani. Kada ka yi oda daga ƙasar waje saboda bidiyon minti uku.

Squire ya rasu a watan Yuni na 2015, Lemmy ya bi shi a Disamban shekarar. Ɗaya kiɗansa mai tsari ne kamar lissafi, ɗaya kuma kamar a-kori-kura ta ƙwace. Da wuya masoyansu su zauna inuwa ɗaya, amma jita iri ɗaya suka rataya kusan duk rayuwarsu, kuma kowannensu sai da ya lanƙwasa ta ta bi hannunsa kafin ta ba shi abin da yake so.

Aikin gida na wannan mako: sa abin kunne, ka saurari Roundabout, sannan ka saurari kowace waƙar Bob Marley, kunnenka a kan bes kawai. Ka dawo ka gaya mana wacce ta fi kwanta maka, da dalili. Masu kaɗa bes da ke cikinmu, musamman wanda ya taɓa riƙe Rickenbacker ta gaske, muna son jin ta bakinku, ko yabo ko suka. A yi musu da hujja, ban da zagi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.